Kakan Da Ba A San Fuskarsa Ba: Yadda Ake Bin Sawun Wanda Ya Rasu Da Ƙuruciya

Kakana na wajen uba bai kai shekara talatin ba ya bar duniya. Ba shi da hoto, ba wanda zai iya nuna kabarinsa da yatsa ya ce ga shi nan, mahaifina ma bai taɓa ganinsa ba domin yana ciki aka yi rasuwar. Na tashi a ƙasar Argungu ina amsa sunan wani dattijo a matsayin kakana, sai da na yi hankali na gane ashe ƙanen kakana ne, wanda ya riƙe mahaifina ya kai shi makaranta da sunansa. Ba wanda ya yi nufin ɓoye komai. Riƙo ne aka yi na tsakani da Allah, har ya rufe sunan wanda ya haifa.

Na yi shekaru ina tambaya kafin in haɗa abin da zai cika shafi huɗu a kansa. Abin da na koya a hanya shi zan shimfiɗa a nan, don wanda ke da irin wannan giɓin a gidansu, ko kaka namiji ne, ko mace ce da ta rasu a kan gwiwa ta bar jinjiri.

Ka fara fahimtar dalilin da ya sa irin waɗannan mutane ke ɓacewa, domin shi zai nuna maka inda za ka nema. Wanda ya tsufa ya bar gida da gona da jikoki masu yi masa wasa, sunansa na yawo a bakin mutane. Wanda ya rasu yana saurayi ko sabon magidanci, galibi a gandun ubansa yake, bai mallaki gona da sunansa ba. Matarsa ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ko ta jira ta haihu idan tana da ciki, sannan ta koma gidansu ta yi wani aure, wataƙila a wani gari. 'Ya'yansa su tashi a hannun baffa, ko su bi uwa su zama agola. Sannan ga hukuncin gado: idan mutum ya riga ubansa rasuwa, 'ya'yansa ba sa gadon kakan matuƙar akwai ɗa namiji da ke raye, sai dai in an yi musu wasiyya ko kyauta. To ka ga ko a littafin alƙali aka rubuta rabon gadon gidan, ana iya rasa sunansa da na zuriyarsa gaba ɗaya. Saboda haka labarinsa ba a zaure ya fi zama ba. Yana cikin gida, a bakin mata, kuma sau da yawa a wani gida dabam da naku.

Mataki na farko: rubuta abin da ka riga ka sani

Sayi littafi mai kauri, wanda ba za a yage shi a yi ƙunshin ƙosai ba. A shafin farko ka rubuta duk abin da ka taɓa ji game da mamacin, har da wanda kake shakka, kuma a gaban kowane ka sa wanda ya gaya maka. Daga nan ka zana gidan ɗaki-ɗaki: uban mamacin a sama, matansa a jere bisa yadda suka shigo, 'ya'yan kowace a ƙarƙashinta. Kar ka tsallake waɗanda suka rasu suna goye, za ka ga amfaninsu nan gaba. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma shi zai nuna maka yawan abin da ba ka sani ba.

Mataki na biyu: sunan

A nan mutane da yawa ke ɓata tun ba su yi nisa ba. Mutum ɗaya a ƙasar Hausa yana iya amsa suna huɗu: na yanka, na laƙabi, wanda uwarsa ke kiransa da shi saboda alkunya, da wanda abokai suka laƙa masa. Idan ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, matarsa ma haka. Za ka iya zuwa ƙauye kana tambayar Abubakar a ce ba a san shi ba, alhali kowa ya san Garba ko Buba. Usmanu shi ne Shehu ko Mani, Umaru shi ne Sanda ko Faruku, Ibrahim shi ne Iro. A'ishatu tana zama Indo, Hauwa'u ta zama Kulu, Zainabu ta zama Abu, Hadiza ta zama Dije. Ka tattara su duka ka jera a shafi ɗaya.

Laƙabin kansa shaida ne. Ɗanjuma da Jummai, Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Laraba sun gaya maka ranar haihuwa. Azumi da Labaran sun gaya maka watan, haka Sallau da Tasalla. Tanko yana nuna mata ne suka gabace shi, Kande kuma maza. Gambo na bin tagwaye, ko da tagwayen ba su rayu ba har an manta da su. Barau da Ajefas da irinsu na nuna uwar ta sha binne 'ya'ya kafin a same su. A gidan Fulani Dikko ɗan fari ne, Sambo na biye da shi. Biyu kuma sun shafi aikinmu kai tsaye: Talle, wanda ya rasa uwa ko uba yana jariri, da Audi, wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa. Na biyun nan shi ya fara buɗe mini ido a gidanmu. Na yi shekaru ina jin tsofaffi na kiran mahaifina da shi ban taɓa tambayar ma'anarsa ba.

Sai ka duba takwarori. Da wuya matashi ya rasu a gida ba a mayar da sunansa ga jaririn da aka haifa bayansa ba. Irin wannan yaron ba a kiransa da sunan kai tsaye, sai a sakaya. Duk wani Abba, Baba, Babangida, Ummi, Uwani ko Inna da ke cikin danginku, ka tambaya sunan wa ya ci. Idan ka samu wanda ya ci sunan mamacinka kuma shi ne na farko da aka sa wa, to shekarar haihuwarsa tana dab da shekarar rasuwar. Yana iya kasancewa mutumin yana da rai, har da katin ɗan ƙasa a aljihu.

Mataki na uku: wa za ka tambaya, kuma ta yaya

Ka jera tsofaffin da za ka gani, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni, ko da shi ya fi nisa. Ina faɗin haka da ciwo a raina. Na ɗage zuwa wajen wata gwaggon mahaifina daga kaka zuwa bayan salla, kafin sallar ta zo an yi mata sutura, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ci tuwo ƙwarya ɗaya da kakana.

'Yan'uwansa mata su ne kan gaba, sai matar da ya bari da danginta, sai 'ya'yan da ta haifa a gidan aurenta na biyu. Waɗannan na ƙarshe ana yawan mantawa da su, alhali uwa takan yi wa 'ya'yanta mata hirar mijinta na fari irin wadda ba za ta taɓa yi a gaban danginsa ba. Bayan su ka nemi sa'o'insa: waɗanda aka yi musu kaciya tare, waɗanda suka yi makarantar allo ɗaya, wanda ya yi masa abokin ango. Idan ba su da rai, 'ya'yansu na iya sanin shekarun ubanninsu, ka ga ka samu ma'auni. Kar ka raina gidan wanzamai. Wanzamin gida gadon aikin yake yi, ubansa ne ya yi wa kakanka tsagar gado, kuma daga tsagar ake gane Bakabe ne ko Ba'are ko Bagobiri ko Bazamfare. Maroƙan da suka gaji gidanku su ma suna riƙe da salsala a ka, sai dai ka tuna aikinsu yabo ne, sukan tsallake wanda bai yi suna ba, sukan kuma haɗa ka da sarautar da ba taka ba.

Idan macen ce ta rasu wajen haihuwa, akwai tambaya ɗaya da ba ta faɗuwa ƙasa banza: wa ta shayar da jaririn? Tsofaffin mata ba sa manta wannan, domin shan nono yana haramta aure, dole a riƙe shi. Wadda ta shayar, ko 'ya'yanta, sun san ranar da aka kawo jinjirin da halin da aka kawo shi. Ka kuma bi kayan ɗakinta. Tasa ko fanteka ko tukunyar ƙarfe da aka ce "ta marigayiya ce" tana nan a ɗakin wata, kuma mai ita ta san ta hannun wa ta biyo.

Zumunci a ƙafa yake, don haka ka je da kanka inda hali ya yi, da goro da sabulu da ɗan sukari. Kar ka je da safiyar damina ana shirin gona, ko ranar kasuwar garin. Bayan la'asar ya fi, ko da hantsi idan maza sun fita. Idan kai namiji ne kuma gidan ba naku ba, tafi da matarka ko ƙanwarka ta shiga ciki, sau da yawa ma ita za a fi sakin jiki da ita. Ka faɗi abin da ya kawo ka tun a gaisuwa. Da na je wajen dangin kakata a wani ƙauye na bakin fadama, tsohon da na tarar ya dube ni ya ce, "Yaro, mi kaka biɗa ga wanga zance? Gona ta?" Sai da na rantse masa cewa ba gado nake nema ba, sunan kakana nake son 'ya'yana su sani su riƙa yi masa addu'a, sannan ya gyara zama. Ka sa ran wannan zargin, musamman inda fadamar shinkafa ke da daraja, ka kawar da shi da wuri.

Nemi izini kafin ka kunna rikodar waya, ka ajiye ta gefe, ka bar tsoho ya yi ta zagaye. Kar ka tara su wuri ɗaya a karon farko, domin babba zai yi magana saura su ce haka ne. Kuma kar ka taɓa cewa, "Inna, wace shekara ya rasu?" Za ta ce maka an daɗe, ko ta faɗi wata lamba don ta faranta maka. Tambaye ta abin da ido ya gani. Wa kike goyo a lokacin? An yi girbi ko hatsi na gona? Da azumi ne ko bayan salla? Kwana nawa ya yi yana jinya, me ya kama shi? Wa ya yi masa wanka, wane liman ya sallace shi? A wane ɗaki matarsa ta yi takaba? Wa ke sarautar garin? Idan ta yi kuka ka dakata, ka yi wa mamacin addu'a, ka bar sauran sai wani zuwan. Zuwa na biyu ya fi na farko albarka kusan kullum, don ka tayar mata da tunanin da zai yi ta dawo mata bayan tafiyarka.

Da ka koma masauki, a daren nan, ka rubuta ranar hirar da wurin da dangantakar mai maganar da mamacin. Sannan a gaban kowane batu ka sa alama: ta gani da idonta, ko an gaya mata. Gani ya kori ji, kuma bayan shekara biyu kai kanka ba za ka tuna wanne ne wanne ba.

Ga 'yan'uwanmu na Zamfara da sassan Kebbi da rashin tsaro ya taɓa, kar neman tarihi ya kai ka hanyar da mutanen wurin suka ce kar a bi. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsofaffinsu suna Gusau, Anka, Talata Mafara, Ƙaura Namoda ko Zuru a gidajen 'yan'uwa. Can za ka same su, kuma gaggawar ta fi yawa a kansu, don tsohon da aka raba da garinsa ba ya daɗewa kamar wanda ke zaune a inuwar da ya saba. Wanda ba ka iya kai wa gare shi, ka sa jikansa ya ɗauko maka muryarsa ta WhatsApp, tambaya ɗaya ko biyu a kowane karo.

Mataki na huɗu: mayar da labari ya zama shekara

Wannan shi ne wurin da na fi jin daɗi a aikin. Tsofaffinmu ba su riƙe lamba ba, amma sun riƙe abin da ya faru, kuma yawancin abubuwan an san shekarunsu.

Zamanin sarakuna shi ne babban ma'auni. A Gwandu, Sarki Yahaya ya yi mulki daga 1938 zuwa 1954, Haruna Rashid ya gaje shi har 1995. A Argungu, Sarkin Kabi Sama'ila ya yi daga 1942 zuwa 1953, Muhammadu Shefe ya biyo har 1959, sai Muhammadu Mera har 1996. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau a 1938 ya rasu a 1988. Zamanin hakimi ko dagaci ya fi waɗannan amfani ma, don ya fi gajarta, kuma fadar hakimin takan san jerin.

Sai manyan abubuwa. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙin Satiru 1906. An yi babbar yunwa a 1914, annobar mura a 1918. Jirgin ƙasa ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu, wanda aka yi masa bikin kamun kifi, a 1934 ne. Yunwar da ake kira 'Yar Gusau ta faɗo a farkon shekarun 1940, lokacin yaƙin Hitila, sai dai ka kula, kowane yanki da sunan da yake ba yunwarsa. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Ruwan madatsar Kainji ya tashi garuruwa da tsibiran ƙasar Yawuri a 1968. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, shekarar da fari ya tsananta. Rikicin Bakolori 1980, babbar annobar sanƙarau 1996.

Watan Musulunci kuma yana ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai ya yi wajen shekara talatin da uku kafin ya dawo inda yake. Saboda haka haɗuwar azumi da yanayi tana rage maka zato ƙwarai. Azumi ya faɗo tsakiyar damina, wato Yuli da Agusta, a wajen 1945 zuwa 1948, ya sake dawowa wajen 1978 zuwa 1981. Ya faɗo cikin sanyin hunturu a wajen 1932 zuwa 1935, da kuma 1965 zuwa 1968.

A ce tsohuwa ta gaya maka da azumi ya rasu, gero ya yi kai ana ruwa, sojojin da suka je yaƙin Hitila a ƙasar Bama (Burma) sun fara dawowa gida, Sarki Sama'ila na kan gado. Zamanin sarkin ya ba ka 1942 zuwa 1953. Azumin damina ya rage shi zuwa 1945 zuwa 1948. Yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin sun yi ta dawowa a shekarar da ta biyo. Ka ga ka tsaya a kan 1946 ko 1947 ba tare da takarda ko ɗaya ba. Da wannan hanyar kuma ake kama kuskure. Idan wani ya ce sanƙarau ne ya kashe shi, wani ya ce da damina ne, to ɗayansu ya haɗa mutuwa biyu, domin sanƙarau ciwon rani da bazara ne, ruwa na sauka yake lafawa. A gidan da aka yi rashin matasa biyu kusa da kusa, wannan cakuɗewar tana yawan faruwa.

Shekarar haihuwarsa kuma daga ɗakin uwarsa za ka lissafo ta. A da ana yaye yaro yana wajen shekara biyu, don haka tsakanin wa da ƙane akan samu shekara biyu da rabi zuwa uku. Ka samu ɗaya a ɗakin wanda aka san shekarunsa, ka ƙirga sama ko ƙasa, kana sa waɗanda suka rasu suna jarirai a lissafi, tare da tuna cewa bayan rasuwar jariri tazarar takan gajarta. Abin da ka samu ka rubuta shi da "wajen", kar ka mayar da zato tabbas.

Mataki na biyar: takardu

Na ajiye su a baya da gangan. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk faɗin Nijeriya, wadda ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta 1992 ce, don haka kar ka sa ran takardar shaidar mutuwa ga talakan ƙauye na zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin Turawa. Amma akan dace.

Fara da adakar gida. Rasit na haraji, takardar sayen gona, katin asibiti, wasiƙar ajami, duk akan same su a naɗe cikin tsumma. Idan gidan malamai ne, buɗe gafaka ka duba bangon Alƙur'ani da gefen littattafai, nan malamai ke rubuta haihuwa da rasuwa da kwanan watan Hijira. Don ka juya shekarar, raba ta da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1370 za ta ba ka wajen 1950 zuwa 1951. Ka ɗauki hoton kowace takarda a inda take, ka mayar wa mai ita. Wanda ya ari takardar tsoho bai dawo da ita ba ya rufe ƙofa ga duk mai zuwa bayansa.

Idan ya yi boko, ko na shekara biyu ne, je tsohuwar elementaren gundumar ka roƙi hedimasta ya duba maka rajistar shiga. Tana ɗauke da sunan yaro da na uba ko mariƙi, da garinsu, da shekarar shiga, wani lokaci har da dalilin fita. Kotun alƙali ta yankin na iya samun littafin rabon gado ko na shari'ar riƙon maraya. A ƙasar Zuru, inda iyali Kirista ne, rajistar baftisma da ta aure a tsofaffin coci-cocin mishan tana da amfani sosai, kuma a wajen Dakarkari waɗanda suka yi golmo tare, wato noman da samari ke yi wa surukai kafin aure, sun san junansu kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Kafin ka nufi ma'ajiyar gwamnati ka san a ƙarƙashin wa garinku yake a lokacin. An cire Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996, kafin nan kuma akwai Jihar Arewa Maso Yamma daga 1967 zuwa 1976, kafin ita Lardin Sakkwato. Saboda haka tsofaffin takardun Gwandu da Argungu da Gusau ba a Birnin Kebbi ko Gusau za ka fara nemansu ba. Suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, cikin kundin da aka yi wa laƙabi da SOKPROF, wasu kuma a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Na Zuru ka duba har cikin na Lardin Neja. Gidan Arewa a Kaduna da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da rubuce-rubucen ɗalibai a kan tarihin garuruwa, inda za ka iya cin karo da jerin dagatan ƙauyenku. Ka tafi da katin shaida da sunan tsohuwar gundumarku, ka kuma san yadda Turawa ke rubuta sunaye, Gwandu ta zama Gando, Tsafe ta zama Chafe. Gaskiyar magana, da wuya ka ga sunan kakanka a can in ba ɗan sarauta ba ne ko ma'aikacin En'e. Abin da za ka samu shi ne duniyar da ya rayu a ciki: rahoton Di'o, wato Baturen da ke kula da yankin, a kan ƙauyen, yawan masu biyan haraji, shekarar da annoba ko fara ta shigo. Wannan ma riba ce, don shi ke tabbatar da maganar tsohuwa ko ya gyara ta.

Wanda ya rasu a wajen gida sai a bi hanyar da ya bi. Idan soja ne a yaƙin duniya, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tana da shafi a intanet inda ake neman suna kyauta. Sojojinmu da yawa da sunan gari aka rubuta su, wato sunan yanka sannan Sokoto ko Argungu ko Zuru, don haka ka gwada rubutu iri-iri, kuma lambar soja, in ka same ta a jikin tsohuwar lambar yabo, ta fi suna tabbas. Idan ɗan cin rani ne da ya nufi Gwanja ko Kurmi ko haƙar kuza a Jos, nemi zuriyar abokan tafiyarsa da gidan da mutanen garinku ke sauka a zangon can. Idan hajjin ƙasa ya tafi bai dawo ba, akwai Hausawa da Fulani da yawa a Sudan, har da garin Maiwurno da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutanen Kamba da Dole Kaina da Bagudo kuwa kar iyaka ta tsayar da su, rabin dangin na iya kasancewa a Gaya ko Doso ko cikin Benin.

Maƙabarta ba za ta ba ka suna ba, tunda ba mu saba rubutu a kan kabari ba, amma masu haƙa da masu gadinta sukan san ɓangaren da kowane gida ke binne nasa, da wurin da aka yi ta binne mutane a shekarar annoba.

Abin da za ka yi da abin da ka samu

Wani lokaci shirun da aka yi a kan mamaci yana da dalili. Za ka iya tarar da zancen bauta, ko kuturta, ko taɓin hankali, ko rigimar da ta raba 'yan'uwa. Ra'ayina shi ne ka rubuta gaskiya a littafinka, amma abin da za ka raba wa dangi ka auna shi da waɗanda ke raye. Abin da tsohuwa ta ce maka "wannan tsakanina da kai ne", amana ce. Inda ruwayoyi suka saɓa, ka kawo su duka da sunan mai kowace, kar ka zaɓi wadda ta fi daɗin ji. A kan kakana ruwaya biyu na samu game da ajalinsa, ɗaya ta ce zazzaɓi ne na kwana uku, ɗaya ta ce daga kamun kifi ya dawo da ciwon. Na rubuta su duka, na kuma rubuta cewa mai ruwaya ta farko tana cikin gidan a ranar, na biyun kuwa a bakin ubansa ya ji.

Daga nan ka rubuta tarihin a taƙaice cikin Hausa mai sauƙi: sunayensa duka, iyayensa da ɗakinsu, sana'arsa, kamanninsa kamar yadda aka siffanta maka, matarsa, abin da ya bari, wajen shekarar da ya zo da wadda ya tafi. Kafin ka buga, koma ka karanta wa tsofaffin da suka ba ka labarin da babbar murya, za su tsayar da kai su gyara. Sannan ka buga kwafi da yawa, ka ba kowane ɗaki nasa, har da dangin uwa da gidan da matarsa ta sake aure. Muryoyin da ka ɗauka ka juye su a wuri biyu ko uku, ka tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari, domin waya na faɗawa ruwa.

Nawa na karanta shi ne a zauren gidanmu washegarin babbar salla, bayan an ci nama. Mahaifina yana zaune a kan buzu bai ce komai ba har na kai wurin da aka ce kakana dogo ne mai wushirya, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Sai ya sa hannu ya karɓi takardar, ya ce in sake karanta masa wannan layin.